Hannun Yaya Hadiza da Ƙwan Firigo

Ina zaune cikin mota a tashar Matameye, ana jiran ta cika mu kama hanyar Damagaram, sai wayata ta yi ƙara. A cinyata akwai ƙullin zannuwan Yaya Hadiza da na wanke, da kwanon tuwon dawa miyar kuɓewa da ta ce in kawo mata, don abincin da ake ba ta a asibiti ya fita ranta. Da na ga sunan ɗanta Laminu, na ɗauka wani saƙon zai ƙara mini. Na ɗaga, sai na ji hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce, "Tanti Balki, kada ki taso. Mu za mu taho da ita. Allah ya yi wa Inna rasuwa."

Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sauko daga motar. Direba yana yi mini magana ban san abin da ya ce ba. Na bi hanya da ƙullin a hannu, na wuce ƙofar gidana ban shiga ba, sai ga ni a tsakar gidanta. Babu kowa, duk suna can wurin jinya. Na ajiye kayan, na ɗauki tsintsiya na share tsakar gidan, na shimfiɗa tabarmi, na naɗe su, na sake shimfiɗawa. Tun daga ranar zama ya gagare ni. In na shiga ɗaki sai in ji kamar an kira ni a waje, in na fito sai in rasa abin da ya fito da ni. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da ita, ko zuciyata ta lafa, kuma waɗanda suka san ta da waɗanda gatonta, wato kek ɗin da take gasawa, kawai suka ci su sa ta a addu'a.

Yaya Hadiza mutuniyar Dawce ce. Aure ya kawo ta Matameye, gidan Malam Isufu tela, wanda kamar yawancin mazanmu yake tafiya Kano cin rani in an gama aikin gona. Tun tana budurwa ta zauna a Damagaram wurin gwaggonta da ke aure a gidan 'yan kasuwa, can ta ga yadda ake gato ta riƙe. Da ta zo nan ba ta da tanderu. Babbar tukunya take zuba wa yashi, ta jera gwangwanaye a kai, ta rufe, ta ɗora garwashi bisa murfin. Da wannan tukunyar ta shiga sunaye da bukukuwan garin nan, har sunanta ya koma Hadiza mai gato.

Duk wanda ya san ta ya san ba ta zama. A tsaye take cin abinci. In ta zo gaishe ki, kafin ki shimfiɗa mata tabarma ta fara sallama da ke. Tafiyarta ma sai kin haɗa da sassarfa za ki jera da ita. A sallah kawai na san tana natsuwa, nan kam ko me ke bisa wuta sai dai ya jira. Bakinta kuma da kaifi, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Akwai waɗanda suka yi fushi da ita a kan haka, ba zan ɓoye ba, amma ban san wanda fushin ya daɗe masa ba.

Ni daga Tsauni aka kawo ni, katangarmu ɗaya da ita. Akwai shekarar da maigidana ya tafi Legas cin rani, labarinsa ya yanke. Waya ba ta shiga, waɗanda suka tafi tare sun dawo ba su san inda yake ba. Na shige ɗaki na daina fita, abinci ma sai don yara nake ɗorawa. Mata suna shigowa suna ba ni haƙuri, ina amsawa da ka. Wata safiya sai ga Yaya Hadiza ta ɗaga labule ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Balki, tashi. Aiki ya yi mini yawa, hannuna bai isa ba."

Na ce, "Yaya, ni ban iya komai a aikinki ba."

Ta ce, "Kin iya fasa ƙwai?"

Na ce na iya.

Ta ce, "To kin iya. Ɗauko mayafinki."

Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ba ta tambaye ni abin da ke raina ba. Aiki take miƙo mini, in na gama ta miƙo wani, da yamma ta cika mini kwano ta ce in kai wa yara. Daga baya maigidana ya dawo, ashe ciwo ne ya kwantar da shi a wurin da ba wanda ya san shi. Ya tarar da ni a tsaye, yara da lafiyarsu. Ni na san wadda ta tsayar da ni.

Babbar matsalarmu a wancan lokacin ƙwai ne. Da damina ƙwan zabi yana shigowa daga Kurni da sauran ƙauyuka, ba mu da damuwa. Amma in bazara ta kama, ƙwan kaji da ake kawowa daga tsallaken iyaka ba ya jure zafin ɗakunanmu. Kowane ƙwai sai mun fasa shi a ɗan kofi mun shinshina kafin mu zuba, da yawa kuma a bola suke ƙarewa. Da Laminu ya fara samu a Kano, sai ya sayo wa mahaifiyarsa firigo. Ranar da aka sauke shi mata sun yi ta shigowa kallo. Ita kuwa ta jera ƙwai a ciki, tana buɗewa tana rufewa, tana cewa yau ta rabu da wari.

Aiki na farko da muka samu bayan haka sunan jikan wani Alhaji ne, gidan da suka daɗe suna ba ta aiki. Muka buga bota da sukari da muciya har suka yi fari suka yi laushi yadda take so. Ta buɗe firigo ta ɗebo ƙwai, muka fasa muka zuba. Nan take kwaɓin ya tsinke, ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana. Muka ƙara bugu, bai haɗu ba. Ta ce a zuba fulawa, wataƙila ya gyaru. Da aka gasa, gaton bai tashi ba, ya fito da nauyi, ƙasansa duk maiƙo. Ta ɓare ɗaya ta duba cikinsa, ta ce wannan ba zai fita daga gidanta ba. Muka soya cincin da dubulan da sauri, ta ɗauka da kanta ta kai, ta faɗa wa Hajiyar gidan gaskiya cewa gatonta ne ya ƙi.

Na biyu ma haka, na uku ma haka. Magana ta fara yawo a gari cewa hannun Hadiza ya lalace. Wasu suka daina aiko mata, suka koma sayo gato daga Damagaram. Wata tsohuwa ta zo har gida ta ce baki ne ya kama ta tun ranar da aka shigo da firigo, a nemi taimako. Yaya Hadiza ta gode mata, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta ce mini, "Ba baki ba ne. Wani abu ne ya canza a aikin nan, kuma sai na gano shi."

Ban taɓa ganin ta cikin rashin kwanciyar hankali kamar a kwanakin nan ba. Ta canza bota, ta canza sukari, ta kankare gwangwanaye, ta zubar da yashin tukunya ta sa aka ɗebo sabo. Ta je ta sami mai kantin da take sayen fulawa ta faɗa masa magana mai zafi a gaban mutane, wai tsohuwar fulawa yake ba ta. Tana kwaɓi tana magana ita kaɗai. Malam Isufu ya bugo waya daga Kano ya ce ta huta mana, ba dole sai ta yi ba. Ta ce masa in ta bari yanzu, har ta mutu za a ce hannunta ne ya lalace.

Rannan sai aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun da sassafe, bai dawo ba har la'asar. Firigo ya huce, ƙwan da ke ciki ya zama kamar wanda aka ajiye a ɗaki. Ta ce mu yi amfani da shi kada ya ɓaci. Muka buga bota da sukari, muka fasa ƙwai muka zuba, sai kwaɓin ya haɗu sumul kamar da. Gaton ya tashi har ya ɗaga kai ya wuce bakin gwangwani. Ta tsaya da ɗaya a hannu tana kallon firigon. Washegari da kuran ya dawo ta raba kwaɓi gida biyu, ɗaya da ƙwan da ta fitar tun bayan sallar asuba, ɗaya da wanda ta ɗauko daga sanyi a lokacin. Na farkon ya haɗu, na biyun ya tsinke a gaban idonmu.

Ta ce, "Kin gani? Mun sha wahala mun sa bota ta yi laushi, sai mu zuba mata sanyi ta sake daskarewa. Ta ina za su haɗu?"

Kafin ta gasa komai sai da ta yafa mayafi ta koma kantin nan. Ta jira har mutane suka taru kamar ranar da ta yi masa faɗa, sannan ta ce, "Malam, fulawarka ba ta da laifi. Ni ce ban san kan firigona ba. Ka yafe mini." Mutumin ya zo gaisuwar rasuwarta, shi da bakinsa ya tuna wa maza wannan a ƙofar gida.

Daga nan ta kafa mana doka. Ƙwan da za a yi aiki da shi, a fitar da shi da wuri, a jera a faranti, a rufe da ƙyalle a cikin ɗaki, kada a sa a rana. Da bazara ba ya daɗewa yake hucewa, lokacin sanyi kuwa sai an ba shi lokaci sosai. In aiki ya zo da gaggawa, a zuba ruwa mai ɗumi a roba, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi, a sa ƙwan a ciki har sanyin ya sake shi. In ruwan ya wuce haka zafi, zai fara dafa shi. Wanda kuma aka fitar ya yi gumi, ba ya komawa firigo, a ranar za a yi amfani da shi. Ba ta duba agogo. A tafin hannu take juya ƙwan, ta ce ya yi ko bai yi ba. In na tambaye ta yadda zan gane, amsarta ɗaya ce: "Taɓa ki ji. In hannunki ya san kin ɗauki wani abu mai sanyi, da saura."

Ba ta riƙe wannan ita kaɗai ba. Matan da suka fara yin gato bayanta, har waɗanda suka janye mata masu saye, duk wadda ta ji ta sayi firigo sai ta taka har gidanta ta faɗa mata. Na taɓa ce mata, "Yaya, ke kika sha wahalar ganowa." Ta ce, "In na yi shiru gaton garin nan ne zai lalace, kuma ni za a zaga, don ni na fara."

Abin da ya fi yi mata wuya shi ne jiran. Mace da ba ta iya zama, ga shi an ce ta jira ƙwai ya huce. Da farko kaiwa da komowa take a tsakar gida, tana ɗaga ƙyallen tana mayarwa. Daga baya sai ta riƙa barin ni da tankaɗen fulawa, ta fita. Gidajen da mazansu suka tafi cin rani take bi. Ta leƙa mai jego, ta duba tsohon da ba shi da lafiya, ta tsaya a kan wadda ta ga ta yi shiru da yawa. Ba ta zama a ko'ina, amma in ta dawo ta san gidan da ba a ɗora tukunya ba, kuma kafin azahar wani abu ya isa can ba tare da kowa ya ji ba. Tana shigowa za ta wanke hannu ta ɗauki ƙwai ɗaya ta ce, "Ya yi. Kawo muciya."

Sai ciwon sukari ya kama ta. Likita ya hana ta zaƙi, mace da duk rayuwarta cikin sukari take. Ta bi dokar, ba ta ƙara sa gato a baki ba. Ni na zama mai ɗanɗana mata. In na gutsura sai ta zuba mini ido, ta ce, "Faɗi gaskiya, kada ki ji nauyina." Sauran aikin kuwa hannunta ne ke yi mata, shi ke gaya mata laushin bota, da kaurin kwaɓi, da ɗumin ruwa.

Wata safiya a bara aka kawo mana aikin walimar saukar karatu, ana so kafin la'asar. Ba mu fitar da ƙwai ba don ba mu san da aikin ba. Ta ce in ci gaba da tankaɗe, ita za ta haɗa ruwan. Ina aikina tana ba ni labarin wani biki, sai na ɗaga kai na ga tururi yana tashi daga robar. Hannunta na ciki har wuyan hannu, tana juya ƙwan, tana magana kamar ba komai.

Na ce, "Yaya, ruwan nan ai da zafi."

Ta ce, "Ɗumi ne kawai."

Na sa yatsa na fizge da sauri. Na kama hannunta na fitar, ya yi jajir. Ta dube ni kamar za ta yi faɗa, sai ta fasa. Ta sa ludayi ta tsamo ƙwai ɗaya ta fasa a kofi. Farin ya fara daskarewa ta jikin ɓawon. Ta daɗe tana kallon kofin nan, sannan ta ja kujera ta zauna, ba wanda ya ce ta zauna.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun damina nake jin su kamar ba nawa ba. Ƙafafun ma haka." Sannan ta ce, "Kada ki gaya wa Malam tukuna."

Na ce, "Zan gaya masa, Yaya. Yau ma."

Na kuwa gaya masa. Ta yi kwanaki ba ta ce mini komai sai abin da ya shafi aiki. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce sukarin ne ya kashe mata jin hannu da ƙafa, ta nisanci wuta, kada ta taka ƙasa ba takalmi, kuma ta rage zirga-zirga. Ta bar mini wuta da ruwan zafi, wannan kam ta yarda. Ƙwai kuwa sai ta koma ɗora shi a kumatu, ta lumshe ido, ta ce ya yi ko da saura. Ranar da ta huce da ni, abin da ta ce kawai shi ne, "Da ni ce ke, haka zan yi."

Rage zirga-zirgar ne ya gagara. Ta ci gaba da zagayen gidajenta. A ɗaya daga cikin fitar nan wani abu ya soke ta a tafin ƙafa ta cikin silifa, ba ta ji ba, sai jini da muka gani a bakin ƙofa. Aka wanke, aka ɗaure, aka ce ta kwanta. Kwana kaɗan ta miƙe tana ɗingishi, wai matar wani tana naƙuda kuma mijin yana Kano. Ciwon ya ƙi warkewa, ya ci gaba da ci, har aka ɗauke ta zuwa Damagaram.

Zuwana na ƙarshe na same ta an jingina ta da matashi kusa da taga. Ta rame, amma idonta yana kan kowa a ɗakin. Ta san sunan kowace marar lafiya da inda ta fito. Ta tambaye ni gida-gida, wa ya haihu, wa ya dawo daga tafiya, wa aka ji muryarsa a waya. Ta ce in gaya wa 'yarta Nana, wadda ke karatun malanta, kada ta bar makaranta don ta zo ta riƙe gato, akwai masu riƙewa. Da zan tafi ta ce, "Kwanciyar nan ta ishe ni, Balki. Ki taho mini da tuwon dawa." Ban sake jin muryarta ba.

A zaman makoki wata mata ta shigo, ba wanda ya san ta a cikinmu. Ta ce daga wani ƙauye bayan Damagaram take, jinyar uwarta ta yi a gadon da ke kusa da na marigayiya. Ta ce a cikin ciwon nan Yaya Hadiza ta koya mata gato da baki, tun daga yashin tukunya har zuwa fitar da ƙwai daga sanyi, don ta ji mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ta ce ta gwada, ya tashi, shi ya sa ta ga ba za ta iya zama ba ta zo ba.

Malam Isufu ya kira ni ya ce kayan aikin suna nan, in ci gaba, haka ita ma za ta so. Na ce to. Har yau ban hura wutar ba. Nakan shiga in tsaya, in gyara abin da ba ya bukatar gyara, in fito. Na san zan fara, don akwai gidajen da ke jira, amma ban san ranar ba.

Mahaifiyar Yaya Hadiza tana da rai, tsohuwa ce ƙwarai, idonta ya tafi. An ɗauko ta daga Dawce kafin a yi sutura. Ta ce a kai ta wurin 'yarta. Aka zaunar da ita a gefen gawar, ta lalubo hannun ta riƙe, ta daɗe tana shafawa. Ba ta yi kuka ba. Muka ji ta ce a hankali, "Tun kina rarrafe nake bin ki. Yau kin tsaya na riƙe ki."

Ya Allah, ga baiwarka Hadiza ta zo gare ka. Ka jiƙan ta, ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ka sa kowane taku da ta yi zuwa gidan mabukaci ya zama haske a kabarinta. Ka yalwata mata makwanci, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Duk wanda kaifin bakinta ya taɓa, ina roƙonsa don Allah ya yafe mata. Allah ka ba Malam Isufu haƙurin rashinta, ka shirya Laminu da Nana, ka yi wa bayanta albarka. Ka dafa wa tsohuwar da ta binne abin da ta haifa, ka sanyaya mata zuciya a sauran kwanakinta. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Allah ka sa mu cika da imani. Amin.